Murfin da Baffa Maina Ya Ciro

...sai kuma hanyar. Da can yashi ne zalla daga Dungas har bakin gari, amalanke kaɗai ke iya mata, yanzu kabu-kabu sun tsaga ta kamar tsagar kitso. Farantin hasken rana a kan shagon Jibo, ana cajin salula, ana sayar da ruwan sanyi a leda. Masallacin Juma'a ya samu rufin kwano. Gawo ya ƙaru a gonaki, wannan kam gaskiya ne, ya ƙaru. Esansi, man fetur ɗin da ake ɗaukowa a jarka daga tsallaken iyaka ya yi tsada. Samarin da suka yi langa tare, babu su. Wannan Agadas, wannan Jado wurin tonon zinariya, wannan Libiya, wannan kuma an daina jin ɗuriyarsa. Rijiyar gari ta ƙara zurfi, igiyar da ya bari ba ta kai wa ruwa sai an ƙulla mata wata. Inna ta rage tsawo. Ko dai shi ne ya manta? A'a... ta rage.

Me kuma?

Muttaƙa yana zaune a kan tabarma a ɗakin da aka share masa, hantsi na shigowa ta ƙofa, jakarsa buɗe a gabansa. Yana ta bin abin da ya canja ɗaya bayan ɗaya, don kada hankalinsa ya kai ga abin da bai canja ba. Alhali abin da bai canja ba ne ya kawo shi.

Bokitin shuɗi ne. Na roba, irin na wanka. A ƙarƙashin rumfa a Dungas, masu garuruwa sun cika benci, kowa da rawaninsa, kowa da tasbinsa. A cikin bokitin murafun kwalba ne, kore da fari. Wanda ya ciro kore, garinsa ya samu awaki, da ɗan jari ga mata, da asusu, da malamin gona. Wanda ya ciro fari... A takardun bincike ana ce da irinsu ƙauyukan shaida: ba a ba su komai, ana dai zuwa a auna su, don a ga tazarar da za ta shiga tsakaninsu da waɗanda aka ba. In babu su, da me za a gwada? Ta ina za a san ko awakin ne suka yi aiki, ko damina ce ta yi kyau? Haka ilimin yake. Ba shi ya ƙirƙiro shi ba.

Amma shi ya riƙe bokitin.

Ɗalibi ne a lokacin, shi kaɗai ne ɗan ƙasar a cikin tawagar. Madam, shugabar binciken, ta ce a ba shi ya riƙe, mutane za su fi yarda. Ya ɗaga shi sama da kansa don kada wani ya leƙa. Sai ga Baffa Maina, ƙanen mahaifinsa, maigarin Tudun Gawo, yana naɗe hannun riga. Ya yi bisimilla a bayyane. Ya dube shi — wannan kallon! — kamar mai cewa, yaro, ai ka san gefen da ka ajiye namu. Bai sani ba. Wallahi bai sani ba. Ai amfanin ƙuri'ar ke nan, kada kowa ya sani.

Fari.

Baffa ya juya murfin a tafin hannunsa, ya sake juya shi, ko ɗayan gefen kore ne.

"Naku na zuwa, Baffa. In an gama awo, kowa zai samu."

Da bakinsa ya faɗa. Kuma a lokacin haka aka tsara, ba ƙarya ya yi ba, haka aka tsara... sai masu ba da tallafin suka canja shawara, sai aka yi wata annoba, sai aka rufe iyaka, sai kaza, sai kaza. Abin da bai taɓa yankewa ba shi ne awon.

Riga ɗaya cikin jaka. A ninke ta. A sake ninke ta.

Jiya a zaure ya ji da kunnensa. Ana rabon goron suna, Baffa ya miƙa hannu cikin ƙwarya, sai wani daga baya ya ce, "Maigari, bari wani ya ciro mana, kada goron ya koma tsakuwa." Aka yi dariya. Baffa ma ya yi, haƙoransa ne dai kawai suka yi ta. Ashe duk shekarun nan abin da ake yi masa ke nan? Ashe ba a ba shi ya fara jefa iri ranar shuka, ba a kiran shi buɗe sabon rumbu? Mutumin da a da in ya yi gyaran murya zaure ke yin tsit. Ƙauyen Kafin Alhassan kuwa ga shi can, tafiyar da ba ta kai a ɗauki goran ruwa ba, su maigarinsu kore ya ciro. Da la'asar in iska ta juyo ana jin kukan awakinsu har nan. Har nan ɗakin.

Layi biyu ne a jikin bango. A wani birni mai sanyi, a ɗaki mai kafet, an rage fitila, shi yana tsaye da kwat ɗin aro. Layi ɗaya yana hawa, sannu a hankali, kamar mai hawan tudu da kaya. Ɗayan a kwance. Ya nuna tazarar da ɗan jan haske, ya ce ga abin da akuya uku da horo suke yi wa gida a Sahel. Aka yi tafi. Wani dattijo mai tabarau ya riƙe hannunsa ya ce bai taɓa ganin sakamako mai tsafta irin wannan ba. Tsafta! Ya ji daɗi. Kada ya yi wa kansa ƙarya, ya ji daɗi har cikin ƙashinsa, ranar bai taka ƙasa ba. Daga wannan tazarar digirin dokta ya fito. Daga ita biro a Dakar ya fito, ofis mai na'urar sanyi, da sunansa a jikin ƙofa. Layin da ke kwance kuwa...

Ga Inna can a tsakar gida tana canja wa anza ruwa. 'Ya'yan itacen nan masu ɗaci, sai an jiƙa, an zubar, an sake jiƙawa, kafin ciki ya karɓe su. Hatsi ya ƙare tun kafin ruwan farko ya sauka, sabo kuma yanzu ya fara kai gwiwa.

Ɗan fari ne shi, ba ta kama sunansa.

"Kai wannan, yaranka na anketi, masu tambaya suna rubutawa, sun zo bara. Masu ladabi. Ɗayan ya tambaye ni sau nawa na ci nama a mako. Na ce, ɗan nan, wanda ka rubuta wancan zuwan bai lalace ba, sake rubuta shi." Ta yi dariya har da tari. "Na dama musu hura. Mu dai ba mu taɓa ƙin amsawa ba, ka tambaya ka ji. Har mai jego sai da ta fito."

Ba su taɓa ƙi ba. Ya sani, ai yana gani daga Dakar, a takardun Tudun Gawo babu gurbi ko ɗaya da ba a cike ba. Su a ganinsu kowace amsa taki ce zuwa ga rabonsu. Layi suke bi. Suna tsammanin layi ne, mai gaba da baya, wanda in an daure ana kaiwa... Wa zai gaya musu babu kowa a teburin?

Caja. Ina cajar? A ƙarƙashin matashi. Takalmi a leda, a kusurwar jaka.

Da me ma aka fara? Da kamyo, babbar motar kaya. Shekarar yunwar nan, yana yaro, Inna ta kai shi kasuwar Magariya za ta sayar da tabarmi. Buhunan gero jibge har sun fi mutum tsawo, ana loda su a kamyo ana nufar kudu da su, su kuwa a gida tafasa ake dafawa ba gishiri. Ya ja zanenta ya ce, Inna, ga hatsi can. Ta ce, na gani, tafi mu je. Hatsi yana nan, yunwa tana nan, a kasuwa ɗaya, rana ɗaya — ta yaya? Tambayar ke nan. Tambayar ce ta kai shi lakwal, makarantar boko, ta kai shi lise a Damagaram, ta kai shi jami'a a Yamai, ta haye da shi teku. Ya rantse sai ya gano dalilin da ya sa wani ke ƙoshi maƙwabcinsa na lasar tukunya. To, ya gano? Ya dai koyi auna shi. Ya iya auna shi fiye da kowa. Har ma ya koyi yin sa da hannunsa, da bokiti da murafu, ƙauye da ƙauye, don ya aunu da kyau.

A'a. Wannan zalunci ne ga kansa. Awakin ba su isa kowa ba tun farko, dole wani ya rasa. Da ba ƙuri'a ba, da garin mai ɗan'uwa a gwamnati za a kai. Ƙuri'a ta fi adalci. Ya sha faɗa wa ɗalibai haka, kuma har yanzu ya yarda. Wancan ya wuce.

Na yau ne bai wuce ba.

Muryar Madam a salula, makon jiya, tana yankewa tana dawowa. Ba muguwa ba ce, abin da ya fi ciwo ke nan. Matar da ta koyi gaisuwa har da ina gajiya, ta yi zazzaɓin cizon sauro a Guci ta ƙi a mai da ita gida, ta zauna a ƙasa ta yi kuka a ɗakin yara masu tamowa. Ta ce akwai wata ƙungiya da za ta shigo kwamin ɗinsu, wato ƙaramar hukumarsu, da rijiyar foraji mai famfon rana, da lambun mata, da awaki. An bar wa magajin gari zaɓen ƙauyukan. In ya zaɓi ƙauyukan shaida, shi ke nan, gwaji ya mutu, aikin shekaru ya bi ruwa. A daure kaɗan, in ji ta, sai yaran da aka haifa shekarar ƙuri'a sun shiga lakwal, a ga ko sun fi tsawo, ko sun fi gane karatu. Ministocin ƙasashe na jiran wannan amsar. In ta fito da kyau, miliyoyi za su samu. "Kai ɗan gida ne, Muttaƙa, zai ji maganarka. Ba mu ce a hana kowa ba. A kai wasu ƙauyukan kawai, su ma suna da buƙata."

Su ma suna da buƙata. Gaskiya ne. Rijiya ɗaya ce, ko a nan ko a can, maƙogwaro maƙogwaro ne. A lissafi babu asarar ko ɗigo. Ya juya maganar ta kowane gefe a jirgi, a bas daga Yamai, a bayan kabu-kabu, bai samu ɓarakarta ba. Da ƙauyen wani ne, da tuni ya rubuta wa magajin gari daga biro, ya je cin abincin rana. To me ya sa na wani ya halatta? Uwar wani ba uwa ba ce? In kuwa na wani bai halatta ba, to duk abin da ya gina...

Kada ya bi nan. Nan rami ne.

Gari kuwa ya riga ya gama nasa lissafin. Labarin foraji ya iso tun kafin shi. Ga foraji na yawo yana neman gari, ga Dokta ya diro bayan shekaru ba a gan shi ba, sai a ce me? Tsofaffi mata na zuwa gaishe shi suna shafa kansa. An yanka masa zakara, a wannan watan, zakara! Jibo ya ƙi karɓar kuɗin caji. "Haba Dokta, kai da za ka kawo mana famfo? In ya zo dai a sa shi kusa da shagona." Shi kuma yana murmushi, yana cewa Allah ya sa. Allah ya sa me?

Nafisa ma ta zo da safen nan. Ƙanwarsa, wadda mijinta ya tafi Jado tun tana da ciki. Ta kwanto goyonta ta ɗora masa a cinya. "Yaya, ga Rahina, ba ku san juna ba. Rahina, ga kawunki mai jirgi." Yarinyar ba nauyi, gashinta ja-ja, idanu manya. Ya kama damtsenta zai yi mata wasa... sai yatsunsa suka zagaye shi da kansu. Babban yatsa da manuni, daidai tsakiyar kafaɗa da gwiwar hannu, inda yake koya wa 'yan anketi su ɗaura igiyar awo. Suka haɗu, har da saura. Kafin tausayi ya zo — ya zo, daga baya ya zo — amma kafin ya zo, wani abu ya riga shi. Wata 'yar murya mai sanyi, mai kwat: har yanzu tazarar tana nan.

Subhanallahi. Daga ina? Tun yaushe take zaune a cikinsa? Wa ya ba ta ɗaki?

Ya miƙa wa Nafisa 'yarta da sauri har ta dube shi. "Ta yi maka fitsari ne?" Ya ce a'a. Ya ce zafi ne.

To kada ya je. Ya wuce meri, ofishin magajin gari, kai tsaye tasha, Magariya, Damagaram, Yamai. Ya ce wa Madam bai samu magajin gari ba. Rijiyar Tudun Gawo kowa ya san ta fi ta kowa wuya, in ba a sa baki ba nan za a kawo. Sai ruwa ya zo, sai lambu, sai layin da ke kwance ya ɗaga kai... sai gwaji ya watse. Sai a rufe furojen, aikin binciken duka. 'Yan anketi su koma zaman kashe wando. Ministoci su ce ba a tabbatar ba, a mai da kuɗin ga gina wani abu mai ƙyalli. Miliyoyin nan fa? Su waye su? Bai san fuskar ko ɗaya ba. Amma ai su ma suna da damtse. Ko kuwa babu wasu miliyoyi, sunansa ne kawai a layin farko na babbar takarda, ya yafa musu mayafi? Ya tona zuciyarsa ya tona, ya kasa raba su. Sun cakuɗe kamar gero da yashi a masussuka.

Ko ya je ya roƙa wa garinsu a fili? Ya ce, ranka ya daɗe, a kawo mana. Sai Madam ta ji, dole ta ji. Ba za ta yi faɗa ba. Za ta ce masa a salula ta fahimta. Daga nan ba za a sake ba shi bokiti ya riƙe ba, a ko'ina. Mai binciken da ya sa hannu a cikin awonsa. Ya dawo nan ya yi me? Ya zauna a zaure da digirinsa a aljihu yana jiran hura? Kwana kaɗan ɗin nan ma ƙafarsa ƙaiƙayi take yi. Iskar garin ta yi masa kaɗan. Yana son su, Allah ya sani, amma daga nesa ya fi iya son su, inda ba ya jin ƙarar guga tana dukan dutse a gindin rijiya.

Jakar ta cika. Ba ta cika ba, ya dai rasa abin da zai ƙara.

Sallama a ƙofar gida. Muryar Baffa.

Ƙamshin kafur ya riga shi shigowa. Babbar riga ce fara, ta ƙasan adaka, sawun ninki na nan a jikinta kamar kunyoyin gona. Rawani. Takalmin fata da aka goge da man gyaɗa. Ya tsaya a bakin ƙofa ya tare hasken.

"Dokta, an ce meri za ka fara biyawa."

"E, Baffa."

"To tare za mu. Na sa a kira kabu-kabu biyu. Ka faɗa masa a gaban idona, in dawo in gaya wa mutane da bakina cewa ina wurin." Ya gyara wuyan riga, ya ɗan yi dariya. "A gan ni ina shiga ofis da ɗana. Ko waɗannan 'yan bakin tsiya sa bar ni in sha iska."

Ya juya ya fita. Ana jin sa a waje yana gaisawa da mutane, muryarsa ta koma irin ta da, mai cika zaure.

Shi ke nan. An rufe hanyar tasha. Zai zauna a kujera, Baffa a kujerar kusa da shi, gwiwa na taɓa gwiwa, magajin gari a bayan tebur yana jiran ya ji abin da ya kawo Dokta. Babu sauran gobe. Ba zai iya buɗe baki a gaban wannan rigar ya ce a kai rijiyar wani gari ba. Ba zai iya ba. Alhamdu lillahi, an ɗauke masa zaɓi, Allah ya ɗauke masa, ya ji wani abu ya saki a ƙirjinsa, ya ja numfashi...

Da Faransanci.

Haka kawai ta faɗo. Bai neme ta ba. Magajin gari tsohon malamin lakwal ne. Za a yi gaisuwa da Hausa, a tambayi gida, a tambayi damina, sannan ya ɗan sunkuya gaba ya juya harshe, kamar yadda 'yan boko ke yi in magana ta yi nauyi. Baffa ba ya jin ko kalma ɗaya. Zai ji sunan Tudun Gawo yana fitowa a tsakiyar maganar, sau ɗaya, sau biyu, zai gyaɗa kai. Zai ce madalla. Zai yi wa magajin gari godiya da hannu biyu.

Har jimlar farko ta riga ta shirya kanta a bakinsa. Mai ladabi. Babu kuskure a cikinta ko ɗaya.

Ya danne jakar da gwiwa yana jan zif. Hannunsa ba ya rawa. Yana kallonsa, yana jira ya yi rawa, ya ƙi.

A waje babura sun iso, suna ta kuka.

"Dokta! Rana na yi!"

"Ga ni nan, Baffa."

Ga shi nan... Bai tashi ba tukuna.